Randunan Anza a Ƙofar Gwaggo

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta koma a ƙarshen bazarar nan, ana ta duban gabas ana jiran ruwan shuka. Ba ta yi doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, kafin a gama shawarar ɗora ta a amalanke a kai ta gidan likita a Gangara, mai abu ya karɓi abinsa. A salula aka gaya mini ina kan keken ɗinki a Tanut, na bar zanen mutane a ƙarƙashin allura na nufi tasha.

Ko da na isa ƙauyenmu an riga an kai ta. Abin da na fara gani, tun kafin in ga fuskar kowa, shi ne ƙofar gidanta wayam. Randunan nan uku da suka yi shekara da shekaru a bakin hanyar rijiya babu su, sai gurbinsu a ƙasa da sauran danshi. Baba ne ya sa aka mirgina su bayan rumbunsa tun da safe aka kife, don ya san baƙi za su zo daga Tanut da Damagaram, har da dangin mijina. Zan faɗi gaskiya tunda maganar mamaci nake yi: da na ga babu su, sanyi na ji a raina. Duk tsawon hanya abin da ke cina ke nan, yadda uwar mijina za ta sauko daga mota ta yi karo da randar anza a ƙofar gidanmu.

Ga wanda bai taso a wajenmu ba, anza wani ɗan itace ne da ba ya tsawo sosai, ganyensa kore shar ko da shekara ta yi fari. Ƴaƴansa suna nuna daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa. Ƙwayar cikinsu kamar wake take, amma da ɗaci mai tsanani, kuma in aka ci ba a fitar da ɗacin ba tana lalata ciki, ƙaramin yaro ma tana iya kayar da shi. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin a dafa. Abincin yunwa ce. A Damargu kuwa, ƙasar da kakanninmu ke alfahari ita ke ciyar da ayarin Abzin, a ce gidan wane ana cin anza daidai yake da a ce mai gidan ya kasa.

Masu gaisuwa suka yi ta zuwa. Maza suna ƙofar gidan Baba a kan tabarmi, a yi fatiha, a ce Allah ya jiƙanta, sai hira ta koma kan hadarin da ke haɗuwa yana watsewa da tsadar tiyar hatsi. Baƙinmu na birni sun zo da turare da buhun shinkafa, sun yi gaisuwa mai kyau, sun koma kafin la'asar, sun ce sai ranar sadakar bakwai. Matan ƙauye kuwa wani abu na lura suna yi. Kowace ta iso, kafin ta yi sallama, sai ta ja ta tsaya a kan gurbin randunan, ta dubi ƙasa, sannan ta shigo. Har da matan Fulani na rugar yamma, da wata Buzuwa da ta taho a kan jaki tun daga wajen Balbeji, wadda ta ce Gwaggo ta riƙe ta shekarar da dabbobinsu suka ƙare, ba ta kuma ce da me ta riƙe ta ba. Da yawansu akwai ƙwarya rufe da faifai a ƙarƙashin mayafi. Na ɗauka hatsin sadaka ne, amma ba wadda ta sauke tata, haka suka koma da su a rufe.

Aminiyar Gwaggo, wata tsohuwa da suka yi ƴanmatanci tare, ita ce ba ta iya haɗiye maganar ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, aka ce mata ya haƙuri, sai ta ce, "Ina randunan?"

Inna, mahaifiyata, ta sunkuyar da kai ta ce, "An kawar da su ne, Yaya, don a sami wurin shimfiɗa."

"Wurin shimfiɗa," in ji tsohuwar. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kaina, da atamfata mai tsada da lallen hannuna. "To. Ita dai ta huta. Bana kuma sai mu ga inda mata za su jiƙa abin da yara za su ci."

Ban gane ba a lokacin, ko in ce ban so in gane ba. Na san daminar bara ta yi mana gardama, ruwa ya ɗauke hatsi yana fitar da kai, abin da ya tsira fara ta bi ta kansa. Na san ƙanena ya tafi Aljeriya neman abin rufin asiri, ya bar matarsa da ƴaƴa ƙanana a gidan Baba. Amma rumbun Baba yana nan a tsaye, bakinsa a liƙe da laka, kuma duk lokacin da na tambaye shi a salula sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ko buɗe shi ba mu yi ba." Ni kuwa na yarda, don yarda ta fi mini sauƙi.

Bari in faɗi wace ce mai randunan, don ƴaƴana ba su san ta sosai ba, kuma laifina ne da ba su san ta ba.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa. Muryarta kuwa, in ta kira akuyarta, ta maƙwabta ma sai ta amsa. In za ta daji a ka take ɗora takalmi, wai ƙafa tana warkewa, takalmi ba ya warkewa. Mijinta ya rasu tun ina goye, ƴaƴan da ta haifa ba wanda ya rayu, sai ta dawo kusa da ƙanenta ta ja dangarta, ta fitar da ƙofarta tana kallon hanyar rijiya. Baba da furfurarsa da rawaninsa, mutumin da ake tashi a ba shi wuri a fadar maigari, ita "yaron nan" take ce masa. Shi kuma Yaya yake ce mata ko suna tsakiyar faɗa.

Tana da wata magana da ba ta rabuwa da bakinta. In za ta duba anza, sai ta tsoma hannu a randa ta ɗauko ƙwaya guda, ta gatsa da haƙoran gaba, ta tofar gefe, ta ce, "Da saura." Daga nan maganar ta bi ta ko'ina. Amarya ta yi tuwo ya yi gudaji, da saura. Hadari ya haɗu maza sun fara fito da sungumi, ta leƙa sama, da saura. Ranar da mijina ya fara zuwa gaishe ta, da sabuwar shadda yana ta zuba faransanci, bayan ya fita na ce, "Gwaggo, ya kika gan shi?" Ta ce, "Yaron kirki ne. Da saura dai." Har yau in ya yi mini wani abin sai in tuna ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Randunan a jere suke. Ta farko ta sabuwar anza ce mai ɗaci, ta tsakiya wadda ta fara saki, ta ƙarshe wadda ta yi, sai dafawa. Kullum da hantsi za ka same ta tana tsiyaye ruwa tana sake wani, tana kwashe na wannan randa ta mayar waccan. Ruwan ɗacin a gindin danga take zubawa, wai gara ba ta son shi. Da shekara ta yi kyau da ta yi muni duk ɗaya ne a wurinta, randunan suna nan a idon duniya. Abin nan ya hana mu sakat muna yara. A lakwal, wato makarantar boko, ƴan gidan anza ake ce mana. In aka tashi, gara in zagaya ta bayan masallaci da in bi ta ƙofarta tare da ƙawayena. Wata shekara da aka yi albarka har hatsi ya rasa rumbu, na ce mata, "Gwaggo, don Allah me za ki yi da anza bana? Mutane fa dariya suke mana."

Ta ce, "Ƴar nan, ni son ta nake. Kowa da kwaɗayinsa, wani nama, wani zuma, ni anza. Ku bar ni da haukata."

Haka duk gari ya sani, tsohuwar nan tana da kwaɗayin anza. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga mace ta biyo hanyar rijiya da ƙwarya a rufe ta ce, "Gwaggo, na je itace na ga irin abin naki, na ce bari in tsinko miki." Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ni nesa ba kusa ba. Sai ta karɓa ta juye a randar farko tana sa albarka, ta kamfato daga ta ƙarshe ta cika ƙwaryar ta ce, "Taya ni da wannan, ta yi mini yawa, kar ta lalace in ɗauki alhaki." Wata kuma ta sauke mata bidon, wato jarkar ruwa, ta ce ladan tsohuwa take nema. Na ga wannan da idona ya fi a ƙirga ina yarinya, ban taɓa kawo komai a raina ba. A garinmu ba wadda ta taɓa cin anza don yunwa, taya Gwaggo ci kawai ake yi.

Dajin da ake tsinkowa yana arewa da gari. Ta ce da tana budurwa, in ka shiga ba ka hango wanda ke gabanka, dashi da farar ƙaya da aduwa da jiga sun haɗe kai, barewa tana zuwa har bakin gonaki. Ni ban tarar da wannan ba. Na dai tarar da kututturan dashi sun bushe a tsaye, in ka tura su da ƙafa su faɗi. Damina ta riƙa zuwa a makare tana tafiya da wuri, gona ɗaya ta daina ciyar da gida, kowa ya ƙara sara ya ci gaba cikin daji. Abin da gatarin manoma ya bari, masu kai itace Tanut suka kwashe a amalanke, kuma da shi nake girki a can, ba zan ce ban sani ba. Yanzu in iska ta taso ba abin da ke tare ta, rairayi take kwasowa ta binne shuka. Anza ce kaɗai ba ta kula ba. Akuya ba ta damu da ita ba, masu itace sun raina ta, fari kuma bai hana ta ƴaƴa ba.

A gonar gado, ɓangaren Baba fes yake, ko tsiro ɗaya ba ya bari, don a wurinsa gona mai anza gonar rago ce. Ɓangaren Gwaggo kuwa kamar kan da ba a kitsa ba. Wata shekara ya ɗauki ƴan ƙwadago su yi sassabe, ya ce su haɗa da nata, ya gaji da gorin mutane. Labari ya kai mata tana daka. Ta taho da taɓaryar a hannu, ta zauna a gindin wata babbar anza ta ce duk mai sara ya fara da ita.

Baba ya ce, "Yaya, ki tashi, ana kallonmu."

Ta ce, "A kalla mana. Yaron nan, gaya mini, wa ya taɓa zama da ni shekarar fari? Kai ka tafi kudu, shanu sun tafi, hatsi ya tafi. Wannan ce ba ta taɓa tafiya cin rani ta bar ni ba."

Ƴan ƙwadago suka saɓa gatarinsu suna ƙunshe dariya. Baba ya daɗe ba ya shiga gidanta, ita kuwa kullum sai ta aika masa da fura kamar ba a yi ba.

Faɗansu mafi girma shi ne na shekarar da masu furoje, wato ma'aikatan wani shirin taimako, suka zo. Wasu matasa ne, maza da mace guda, a farar mota, suna zagaya garuruwan da ke bakin daji suna tambayar yadda sauyin damina ya taɓa mutane da dabarar da suke yi su rayu. Ina gida lokacin, ban daɗe da aure ba, na zo ganin Inna. Aka tara gari a gindin aduwar fada, maza gaba, mata can baya. Mazan garinmu sun shiga tsaka mai wuya ranar, har tausayi suka ba ni. Suna so a san suna cikin wahala, ko Allah zai sa a kawo taimako, amma ba sa so a san irin wahalar. Aka ce, me kuke yi in hatsi ya ƙare? Suka ce a sayar da akuya, samari su tafi cin rani. Aka ce, wane itace ne ya fi muku amfani, wanda kuke so a kare? Suka ce gawo, suka ce aduwa, wani ma ya ce mangwaro, abin da ko a mafarki bai taɓa fitowa a gonakinmu ba. Sai budurwar cikinsu ta ce, "Anza fa? A wasu garuruwan an ce mana ana ci."

Baba ne ya amsa, da muryarsa ta fada. "Ƴata, nan Damargu ne. Mu muke ba wasu hatsi. Anza sai dai can gaba."

Bai rufe baki ba sai ga Gwaggo ta ratso tsakiyar maza da akushi a ka, ta dire shi gaban baƙi. Dafaffiyar anza ce da ɗan mai da yaji da albasa. Ta ce, "Baƙo ba ya tafiya da yunwa. Ku ci, ƴaƴana. Ni kaɗai ce mai cinta a garin nan, su waɗannan duk sarakai ne. Amma in kare itace kuka zo yi, ku haɗa da ita, saboda ni."

Baƙin suka ci, budurwar har da ƙari. Ni kuwa can bayan mata ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da yamma Baba ya same ta a gida, muna jin su ta kan danga. Ya ce ta zubar masa da mutunci a gaban gari, ta mai da shi maƙaryaci. Ta ce, "Ban ƙaryata ka ba, cewa na yi ni kaɗai ce." Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ce, "Haka Iya ta ce." Iya ita ce mahaifiyarsu, kakata, wadda ban tarar ba. Daga nan sai muka ji takunsa yana fita.

Ma'anar wannan maganar sai da na haifi ɗana na fari, na dawo gida wankan jego, sannan na ji ta. Gwaggo ce ke yi mini wankan. Wata safiya tana tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini, ina ihu tana cewa da saura, sai ta ce jaririn nan ya yi kama da autansu. Ni ban taɓa jin suna da auta ba, na ɗauka Baba ne ƙarami.

Ta ce a shekarar wata babbar yunwa, tana ƴar budurwa, Baba bai wuce a aike shi ba, akwai ƙaraminsu da aka yaye. Mahaifinsu mutum ne mai suna, wanda ayari ke sauka a ƙofarsa. Ya tafi kudu neman hatsi bai dawo da wuri ba. Iya ta tsinko anza a ɓoye, ta jiƙa a ƙwarya a ƙarƙashin gado. Ba ta iya yawan zuwa rijiya don kar a tambaye ta me take yi da ruwa haka, ba ta iya zubar da ruwan ɗaci a waje don kar a gane. Sai ta riƙa taƙaita ruwan, yara kuma suna kuka. Ta dafa tun ba ta gama yi ba. Manya suka yi ciwon ciki suka tashi, autan bai tashi ba.

"Ko yunwar ce, ko ɗacin ne, Allah ne masani," in ji Gwaggo. "Abin da ya fi ci mini rai, daga baya muka gane duk unguwarmu kowace mace da ƙwaryarta a ƙarƙashin gado. Da sun haɗa a randa ɗaya a waje, da ruwan ya isa. Kunya ce ta kashe mini ƙane, ƴar nan. Na ga gawarsa, uban naki ma ya gani. Ni na fito da randa waje, shi ya liƙe bakin rumbu. Kar ki ga laifinsa, ɗaki ɗaya muka fito." Sai ta ce in juya baya, ruwa yana hucewa.

Na ji wannan da kunnena. Duk da haka ranar rasuwarta na ga ƙofa wayam na ji sanyi, kuma na zauna ina kallon mata suna komawa da ƙoransu a rufe ina cewa hatsin sadaka ne. Kunyar da nake ɗauke da ita ke nan ina wannan rubutu.

Tsohuwar nan aminiyarta ma ba ta bar ni na huta ba. Washegarin rasuwar ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ke ƴar birni, kin san ba ta son anza?" Na ce wa, Gwaggo? Ta ce, "Ko warinta ba ta so. In ta ci a gaban mutane, sai ta shige ɗaki ta yi ta tauna goro. Tun muna da ƙarfinmu take wannan aikin, ban taɓa ganin ta haɗiye ta da daɗi ba."

Ana gobe sadakar bakwai na shiga ɗakin Inna neman faifai, sai wani wari da na sani ya doki hancina. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Bokiti ne an rufe da tsumma, anza a ciki, ruwan ko rufe ta bai yi ba, ya yi kauri ya yi kore. Ina nan durƙushe Inna ta shigo.

Ta ce, "Mayar ki rufe, kar babanki ya gani."

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

"Rumbun nan ba komai a ciki tun lokacin sanyi. Yayarsa ce ke riƙe da mu. Shinkafar baƙi kuwa a bakin baƙi ta ƙare. Wannan ce zan dafa wa yaran da yamma."

"Baba ya sani?"

"Yana ci mana. Ba ya tambaya, ba na faɗa."

Na ce zan aika wa mijina ya sayo hatsi ya sa a mota. Ta ce, "Ki aika, Allah ya yi miki albarka. Na gidan nan ke nan, shi ma sai ranar kasuwa. Sauran masu ƙwarya fa? Kowace yanzu da bokitinta a ƙarƙashin gado."

A gidanmu ba a kai wa Baba magana irin wannan. Ban san lokacin da na ɗauki bokitin na nufi wurinsa ba. Yana zaune a rumfarsa bayan azahar, masu gaisuwa sun tsagaita, ƴar autar ƙanena da aka yaye kwanan nan tana wasa da carbinsa. Na durƙusa na ajiye bokitin a gabansa na yaye tsumman. Na ce, "Baba, abin da jikokinka za su ci yau ke nan."

Ya leƙa ruwan. Na ɗauka tsawa zai yi mini, har na gyara wuya. Sai ya dubi yarinyar, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu ya ɗauko ƙwaya guda, ya gatsa da haƙoran gaba, ya tofar gefe.

Ya ce, "Da saura."

Da muryarsa ya faɗa, amma ita na ji. Ya ja bakin rawani ya goge fuska ya ce, "Ku fito da randunan Yaya." Ranar yaran kunun ɗan guntun shinkafar da aka kakkaɓo daga gindin buhu suka sha.

Da safe ni da matar ƙanena muka mirgino su. Ni dai halin nawa bai bar ni ba, sai na jera su daga cikin danga, inda mai wucewa ba zai gani ba. Baba ya zo ya tsaya ya ce, "Ba nan take ajiye su ba." Ya nuna gurbin nan na bakin hanya da sandarsa. "Kuma kar a yi ƙwauron ruwa." Shi da kansa ya ɗaura wa jaki bidon ya nufi rijiya, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗebo ruwa ba.

Motar dangin mijina ta tsaya ina tsiyaye ruwan ɗaci, zanena a tattare, hannuna kore. Uwar mijina ta sauko ta dubi randunan, ta dube ni. Kunya ta kama ni, ba zan ce ba ta kama ni ba, kuma da Gwaggo na nan na san abin da za ta ce a kaina. Na durƙusa na gaishe ta, na koma kan aikina.

An gama fatiha ke nan, maza cike da tabarmi, sai ga wata maƙwabciyarmu mai goyo ta biyo hanyar rijiya da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ta ga randunan ta ƙara sauri, ta buɗe baki za ta ce Gwaggo, sai ta tuna. Ta tsaya da ƙwarya a hannu, ga maza, ga baƙin birni, ba wadda za a ce an tsinko wa. Ta juya za ta koma.

Baba ya miƙe daga tsakiyar maza. Da muryar nan tasa ta fada, yadda na ƙarshen tabarma zai ji, ya ce, "Ƴata, kawo nan. Irin abin nan ne na Yaya? Ai ni ta bar wa kwaɗayin. Tsufa ya zo mini da son anza, duk wadda ta je itace ta tsinko mini." Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya juye a randar farko. "In ta yi, ki dawo ki taya ni ci, za ta yi mini yawa."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa ɗacin da ta haɗiye saboda mutane ya zame mata sanyi a makwancinta. Mu kuma ya kyautata namu zuwan. Randunan suna nan a bakin hanyar rijiya. Wanda ya bi ta wurin ya yi mata fatiha, in da hali ya sauke bidon ruwa.